Ɗan Kubura da Tifar Yashi

Kai Mudi, ajiye sifanar nan, ba don fasa kan mutane na saye ta ba. Kai kuma Ɗan'asabe, kashe motar nan, hayaƙinta ya ishe mu. Madubi ne ya karye, ba wuyan mutum ba. Ku zo ku zauna a bencin nan, tayarka da tasa duk sai gam ya sha iska, ba inda za ku je yanzu. Tun hantsi kuke ɗaga murya, shi yana cewa ka matse shi a kwata, kai kana cewa ya faɗo maka ba sigina, sai ka ce keke yana da sigina. Shekara arba'in da ɗoriya ina faci a bakin titi, zagin nan naku duk na haddace shi, ba ku zo da sabo ko ɗaya ba. Ni mai faci ba ni da ɓangare, tayar keke da ta mota iska ɗaya nake ɗura musu. Ku ma na bayan nan ku matso. Zan ba ku labarin abin da ya faru a gaban idona, in na gama ku yanke mini hukunci, don ni kaina ya daɗe da kullewa a kansa.

A garin da na fara sana'a, kafin in dawo nan, rumfata tana gindin wata gangara da ake ce wa Gangaren Marina. Hanya ɗaya ce tak daga kogi zuwa cikin gari. In ka haye gada sai ka kama hawa mai tsawo, in ka kai ƙoli sai ka sulalo, a ƙasa kuma titin ya yi kwana zuwa hagu. To a daidai bakin kwanar nan na kafa rumfa, duk abin da ya gangaro ni yake kallo.

Mutane iri biyu ke cika hanyar da safe. Akwai 'yan lambu a kan kekuna, kowa da kwando biyu na tumatir ko attaruhu ɗaure a kariya, akwai kuma tifofi masu ɗebo yashi daga kogi. Keke mai kaya ba ya hawa tudun nan, sai dai a sauka a tura ana haki. Sai 'yan lambu suka samo dabara. Mutum ya jira tifa ta fara nishi a hawa, ya miƙa hannu ya kama ƙarfen bayanta, ta ja shi har ƙoli bai taka feda ko sau ɗaya ba. Direbobi sun tsani abin nan kamar mutuwarsu. Suna cewa ranar da wani ya faɗa ƙarƙashin taya, su za a rufe. Gaskiyarsu ce. 'Yan keke kuma na cewa titi ba gadon uban kowa ba ne, kuma motar da ta ɗauki yashin gina gida ba za ta ji nauyin mutum ɗaya da tumatirinsa ba. Su ma gaskiyarsu ce. Saboda haka in direba ya hango hannu a madubi, sai ya karkata sitiyari wajen kwata, mai keke ya saki ko ya sha ƙasa. Su ma direbobin suna da tasu dabarar da ba sa so a faɗa. Da sun kai ƙoli sai su zare giya su sa mota a firi, ta gangara da nauyinta don su tsimi gas, ba abin da ke riƙe ta sai birki. Laifi tudu ne, kowa ya take nasa yana hango na wani. Haka aka yi ta zama, ba a ga maciji.

A unguwarmu akwai wani tela, Sallau, da matarsa Kubura. Shekararsu goma sha ɗaya da aure. Ciki huɗu ta yi, biyu suka zube, biyu ta haifa ba rai. Wannan na biyar shi ne ya kai wata tara, duk unguwa addu'a ake yi mata, har matan da ba sa shiri da ita. Ranar wata Laraba da hantsi ta dawo daga awo a asibiti, ƙafafunta sun kumbura sumtum, da ƙyar take ɗaga su. Ta tsaya a rumfata ta ce, "Sannu da aiki, Malam Nomau. Bari in ɗan huta a bencinka kafin in sami mota." Na ce, "Bismillah, zauna, Allah ya raba lafiya." Ta zauna can ƙurya inda inuwa ta fi, ta jingina da tarin tsofaffin tayoyi. Ku riƙe wannan, don ita da abin da ke cikinta su ne maganar.

Na farko a cikin mutum ukun da zan faɗa muku shi ne Haliru, ɗan lambu. Siririn mutum ne mai saurin fushi, bakinsa ba ya raga wa direba. Keken da yake hawa na mahaifinsa ne, ni na sha yi masa faci har tiyub ɗin ya zama faci ya fi roba yawa. Ran nan ya kama bayan wata tsohuwar tifa kamar yadda ya saba. Suna tsakiyar hawa sai ya ga wani abu yana ɗiga a ƙarƙashinta, ya bar layi a kwalta. Ya sunkuya ya duba da kyau. Man birki ne, kuma ba ɗiga kaɗai yake ba, tsiyaya yake yi. Mai hawa tudu ba ya taka birki, saboda haka direban bai san komai ba. Haliru ya shiga dukan jikin motar da tafin hannu yana ihu. Direban ya hango shi a madubi, ya yi abin da aka saba, ya karkata masa wajen kwata, har sumunti ya kwashe masa fatar ƙauri. To a nan, wallahi, da ni ne da na saki na ce je ka, kai da halinka. Haliru sai ya saki keken. Ya bar shi ya kife da kwandunan, motar da ke baya ta bi ta kai. Ya zagaya ɓangaren direba a guje, takalminsa ɗaya ya fita, ya yi tsalle ya ɗare matakalar ƙofa ya rungume ƙarfen madubi. Direban ya zaci faɗa ya kawo shi, ya kai masa naushi a baki, haƙori biyu suka tafi. Haliru bai saki ba. Ya tofar da jini ya ce, "Kai mahaukaci, man birkinka ya tsiyaye!" A lokacin hancin motar ya riga ya leƙa gangara, hannun direba kuma yana kan giya zai zare ta.

Na biyu shi ne direban nan, Yunusa. Ƙato ne, mai 'ya'ya shida, shekara ashirin yana jan tifa, kuma ba wanda ya kai shi ƙin 'yan keke. Da ya ji maganar sai ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Ya bar giyar a lamba ɗaya. Birkin hannu kuwa ya mutu tun kafin a ba shi motar, da dutse ake tare ta in an tsaya. Kun san abin da direbobi da yawa ke yi a irin wannan hali, su buɗe ƙofa su diro, mota ta tafi inda Allah ya nufa. A lokacin motar ba ta yi gudu ba, da ya diro ko ƙwarzane ba zai yi ba. Yunusa ya zauna. Injin yana kuka kamar zai tarwatse, giya tana neman ƙwacewa, ya danne ta da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kan sitiyari. Ya manna tayoyin dama da sumuntin kwata, yana goga su da gangan don su ci gudun motar, wuta na tashi, ƙauri ya cika gari. Haliru yana maƙale a ƙofa yana ta ihu, "Ba birki! Ba birki!" mutane na watsewa. Haka suka sauko gangaren nan gaba ɗaya, tayar gaba ta fashe, sitiyari ya yi nauyi, amma motar da ya kamata ta iso kamar harsashi ta iso da gudun da bai wuce sassarfar mutum ba. Da Yunusa ya kawo kwana sai ya ga ba hanya. A hagu bas ce cike da fasinja ta tsaya cak. A tsakiyar kwanar kurar ruwa ce da mutum tsaye a jikinta. A gabansa rumfata, wadda ya ga kowa ya fice daga cikinta. Sai ya zaɓi rumfar. Ya riga ya miƙe sannan ya hango mace a ƙurya. Ya finciki sitiyari da duk ƙarfinsa, fasasshiyar taya ta ƙi amsawa.

Kafin in faɗi na uku, bari in faɗi nawa, don na ga Mudi yana kallona. Ina nake? Na gudu. Ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ni da mai shayin da ke kusa da rumfata da masu jiran faci duk muka yi ta kanmu, sai da na tsallaka kwata sannan na tuna akwai mace a bencina. Na waiwaya na gan ta ta yunƙura ta koma, ta sake yunƙurawa ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Sai ta ɗora hannu biyu a ciki ta rufe ido. Shekara ashirin ke nan, kuma har yau in na tuna kunya nake ji, ba na ɓoyewa.

Na uku ɗan ga-ruwa ne, mai tura kura da jarkoki goma sha biyu. Kullum shi ke cika mini bahon da nake tsoma tiyub in nemi huji. Shekara uku yana kawo mini ruwa ban san sunansa ba, Ga-ruwa kawai muke ce masa, sai a katin asibiti muka ji ashe Ɗayyabu ne. Baƙo ne daga wani ƙauye can arewa, ba mata, ba dangi a garin. Shi kam ku duka kun haɗu a kansa, mai mota ya danna masa hon, mai keke ya kaɗa masa ƙararrawa ya bi shi da zagi, saboda yana da wata mummunar ɗabi'a ta ajiye kura a kan kwalta, a daidai kwana, wai ƙasan gefe tana da yashi, tayar kura na nutsewa. Na yi masa magana ya fi sau ɗari. Ran nan ma a nan ya ajiye ta. Da ya ga motar ta nufi rumfa, sai ya juya kurar da ruwanta a cike, ya turo ta a guje ya cusa ta a gaban tayar gaba. Tayar ta fara ture ta gefe. Maimakon ya saki, sai ya tokare hannun kurar da ƙirji, ya kafa ƙafa a ƙasa. Ƙarfen ya lanƙwashe ya shige ƙarƙashin tayar, jarkoki suka fashe, ruwa ya wanke rumfar, motar ta hau kan ƙarfen ta yi wata girgiza, injin ya mutu. Ta tsaya. Tsakanin bambarta da gwiwar Kubura, na auna daga baya, kamu biyu ne. Ƙafar Ɗayyabu ta dama tana ƙarƙashin ƙarfen.

Firgitar ta tayar wa Kubura da naƙuda a wurin. Bas ɗin nan da ta tsaya ita ta sauke fasinjanta ta kwashe su, ita da Ɗayyabu, zuwa asibiti. Aka aika wa Sallau a shago, ya zo da tef ɗin awo a wuya, ko hula babu. Ya tarar an shiga da ita tiyata. A bakin ƙofar wani ya ce masa, "Ai wani bawan Allah ne ya tsayar da motar, da yanzu wani zancen ake." Sallau ya ɗaga hannu a gaban mutane ya ce, "Wallahi tallahi, in Allah ya sauke ta lafiya kuma namiji ne, sunan mutumin nan zan sa masa." Bai san su uku ba ne. Bayan azahar aka fito da yaro namiji, da ransa, yana tsala kuka. Kubura ma ta tashi. Amma likita ya kira Sallau gefe ya gaya masa an cire mahaifa, daga wannan ba wani.

Kowa a cikin ukun ya biya da abin da yake da shi. Haliru ya rasa keken mahaifinsa da haƙora biyu, ya koma ɗaukar kwando a ka daga lambu zuwa kasuwa. Yunusa bai gudu ba bayan motar ta tsaya, ya sauko ya zauna a kwalta ya riƙe kai, hannunsa na dama ya kumbura don danne giya. Aka tsare shi kwana uku, mai motar ya karɓe makulli, kuma ba wanda ya sake ba shi mota a garin. Ɗayyabu aka yanke masa ƙafa daga idon sawu.

Sai gardama ta dawo rumfata, kwana shida ana yi, Sallau yana zaune a tsakiya kamar wanda aka yi wa mutuwa. Direbobi suka ce Haliru ai laifi ne ya kai shi wurin. Wa ya aike shi kama bayan mota? Ganin man birki sa'a ce kawai, kuma abin da ya rasa ƙarfe ne da tumatir. 'Yan keke suka ce to da bai yi laifin ba fa? Da Yunusa ya zare giya, kuma motar da aka sa a firi a gangaren nan da yashi a bayanta ba ta karɓar giya sai a lahira. Suka ƙara da cewa mutumin da aka nemi jefawa a kwata, aka fasa masa baki, amma ya ƙi saki don ya ceci wanda ya yi masa haka, a nuna musu irinsa a tasha.

'Yan keke suka juya kan Yunusa. Suka ce wanda ya tona rami ba a gode masa don ya fitar da kai daga ciki. Ya san bututun birkin yana yoyo, kwana uku kafin nan ya naɗe shi da roba maimakon ya kai gareji. Wannan gaskiya ne, ba zan musa ba, don robar ni na yanka masa daga tsohon tiyub, har na taya shi ɗaurewa. Kuma da ya saurari dukan farko da Haliru ya yi wa motar, da tun a hawa aka sa mata dutse. Direbobi suka ce duk an ji, amma a cikin su ukun shi kaɗai ne ya sami lokacin yin tunani. Ƙofa tana gefensa tun daga ƙoli har ƙasa, 'ya'ya shida suna jiransa a gida, kowane taku na gangaren nan yana iya dirowa, kuma a kowane taku ya zaɓi ya zauna. Da ya diro, ba kurar da za ta tare motar.

A kan Ɗayyabu kuwa, karo na farko a tarihin gangaren, bakin direba da na mai keke ya zo ɗaya. Suka ce ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa, amma ƙarashe ya yi. Kuma da kurarsa ba ta tare kwana ba, da Yunusa ya sha kwanar ya wuce, motar ta je ta mutu a miƙaƙƙen titi ba wanda ya ji ciwo. Mai shayi ne kaɗai ya tsaya masa. Ya ce ihun Haliru da jarumtar Yunusa duk sun ƙare kamu biyu kafin inda ake bukata, kuma a kamu biyun nan ne ran Kubura yake. Ya ce keke ana sayen wani, aiki ana samun wani, a gaya masa kasuwar da ake sayar da ƙafa.

Sallau ya bi su ɗaya bayan ɗaya ko wani zai sauƙaƙa masa. Haliru ya ce, "Ni ba na munafunci, Malam Sallau, ina so. A garin nan ba a taɓa kiran ɗan keke da sunan arziki ba." Yunusa ya ce, "Ba ni da bakin roƙo. Amma yanzu 'ya'yana in sun fita ana nuna su, ana cewa ga 'ya'yan wanda ya so kashe mai ciki. In ka sa sunana, an daina." Ɗayyabu yana kwance a gadon asibiti ya ce, "Ni ban san lokacin da na yi ba. Da na tsaya na yi tunani, wallahi da ban yi ba." Sai ya juya fuska wajen bango ya ce, "Amma a yadda na koma ɗin nan, ban ga mai ba ni 'ya ba, balle in sami mai ɗaukar sunana." Sallau ya koma wajen matarsa ya ce ita ta zaɓa. Kubura ta ce, "Ni idona a rufe yake, ban ga kowa ba. Kai ka yi rantsuwa."

Kada wani ya ce mini a haɗa sunayen. An kawo wannan shawarar, liman ya ce rantsuwar a kan mutum ɗaya aka yi ta, kuma ba a yanka rago ɗaya da suna uku. Kada kuma a ce a bar sauran sai haihuwa ta gaba, kun ji abin da likita ya faɗa.

Ranar suna da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Sallau. Kekuna jingine a bango ɗaya, motoci a ɗaya gefen, masu su ma kowa ya zauna wajen nasa. Haliru ya zo da bakinsa a kumbure. Yunusa ya zauna can baya, kansa a ƙasa. Ɗayyabu ni na je na ɗauko shi daga asibiti, aka zaunar da shi a kujera da ƙafar a naɗe. Aka raba goro, rago yana ɗaure, mahauci ya gama wasa wuƙa. Liman ya gyara zama ya miƙo kunne, Sallau ya durƙusa a gabansa, ya kai baki.

Na san abin da ya raɗa, amma ba za ku ji daga bakina ba sai na ji naku. Mudi, kai ne mai keke, kada ka duba keke. Ɗan'asabe, kai ne mai mota, kada ka duba mota. Ku sa kanku a gwiwar Sallau, ɗa ɗaya gare ku, ba kuma za a sake ba, ga mutum uku suna kallon bakinku. To, tsakanin Haliru da Yunusa da Ɗayyabu, sunan wa za ku raɗa wa liman?